Hamatar Mai Kalangu

Duk wanda ya saba zuwa biki a Kajuru ko Kasuwan Magani zai lura kalangu bai bar fili ba, mazauni kawai ya sauya. Da a kafaɗar makaɗi yake rataye, yanzu sau da yawa daga sifikar DJ yake fitowa, haɗe da kiɗan fiyano da aka tsara a sutudiyo. Ana rawa, ana liƙi, biki na tafiya lafiya lau.

Amma kunnen da ya tashi da kiɗan mahauta da na 'yan dambe ya san akwai abin da ya ragu. Kalangun na'ura bugu ɗaya aka naɗa, shi ake ta maimaitawa. Na hannu kuwa, makaɗi ne ke matse tsirkiyoyinsa da hamata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauko. Da wannan hawa da sauka yake bin karin harshen Hausa, har ya kaɗa taken mutum, mai shi ya waiwayo daga nesa. Abin da makaɗan Mamman Shata suka yi ta yi a bayansa ke nan har ya rasu a 1999.

Na'ura ba abokiyar gabar gargajiya ba ce. Mamman Sani na Yamai ya samu fiyano mai aiki da lantarki ƙirar Italiya, ya ɗora waƙoƙin gargajiyar Nijar a kai, ya naɗi kaset a 1978. Rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna sa kiɗan nasa tsakanin shirye-shirye, kuma da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, Turai da Amurka suka saurara. Sirrinsa shi ne ya san waƙoƙin tun kafin ya san maɓallan.

Matasanmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta suna da abin da ya fi haka kusa da su: masu kalangu da masu gangunan Adara suna nan da ransu, a unguwa ɗaya. Ku kira su sutudiyo su kaɗa da hannunsu, ku biya su hakkinsu, ku ambaci sunansu a waƙar. Ɗan makaɗin da ya ga sana'ar ubansa tana ci da gida, shi ne zai yarda ya gaje ta.