Sauya Filtar Mai A Injin Sambuƙ

Jama'a, yaranmu da yawa yanzu a bakin Bahar Maliya su ke neman abincinsu, waɗansu a jiragen kamun kifi, waɗansu a sambuƙan da ke kai da kawowa tsakanin Bur Sudan da Sawakin. Saboda su na ga ya kamata in yi magana a kan wani ɗan abu da bai fi gwangwanin madara girma ba, watau filtar man dizal, wanda mu a nan mu ke kira jaz. Na daɗe ina aikin injin jirgi, kuma ban san abin da ya fi ta tsai da inji a tsakiyar ruwa ba.

Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji a ƙasa, a sambuƙ su kan ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda, ba inji, sai shira'i, watau zanen da ke kama iska. Yau kusan kowane sambuƙ da injinsa, zanen kuwa a naɗe ya kan wuni. Ban ga laifin haka ba. Iskar gaɓarmu yawancin shekara daga arewa ta ke busowa, wanda ya taso daga Sawakin zai koma Bur Sudan gaba da gaba za su yi da ita. Ga kuma duwatsun murjani dama da hagu, mashigar Sawakin ma siririya ce, ba wurin da za a yi ta karkata jirgi da zane. In inji ya mutu a irin wannan wuri, kafin a warware shira'i a ɗaga, iska ta riga ta kai ka kan dutse.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne filta ba ta toshewa ranar da ruwa ke kwance. Tankin ƙarfe ya kan sha zafi da rana, ya huce da dare, raɓa ta taru a cikinsa. Ruwa ya fi jaz nauyi, sai ya kwanta a gindi tare da tsatsa da ƙura. Har wa yau akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su kan yi gida daidai inda ruwa da mai suka haɗu, su bar wata baƙar laka mai yauƙi. Duk wannan ya na nan kwance shiru wata da watanni. Ran da igiyar ruwa ta tashi jirgi ya yi ta tangaɗi, sai lakar ta motsu, ta bi bututu, ta liƙe filta. Za ka ji inji ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, sa'an nan tsit. Watau daidai lokacin da a ke bukatarsa ya ke mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, mai ya yi wuya, mutane suka koma saye a jarka da duro, daga hannu zuwa hannu. Na taɓa tsiyayo wajen rabin kofin ruwa daga jarka guda da wani mai talla ya rantse mini mansa tas ya ke. Masu ƙera inji waɗansu sun ce a sauya filta bayan awa 250 na aiki, waɗansu 500, ko sau ɗaya a shekara. Wannan lissafin mai sayen mai a famfo ne. Mai sayen jarka ya rage.

Filta biyu ce a yawancin jirage. Ta farko ta na tsakanin tanki da inji, da ɗan kwanon gilas a ƙasanta inda ruwa ke taruwa, a kan ga irin na Racor ko CAV. Ita ke tare manyan datti, na maikiron 10 ko 30. Ta biyu a jikin inji ta ke, ta fi ta farko ƙanƙancin ƙofofi. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kan mutum ma ya kan kai kamar 70. To, ku dubi irin dattin da famfon inji ba ya iya jurewa.

Kwancewar ba wuya. A rufe makullin mai na tanki, a tara kwano da tsumma, a cire tsohuwa, a wanke kwanon gilas da jaz mai tsabta. Amma a duba da kyau ko tsohon zoben roba ya fito. Sau da yawa ya kan maƙale a sama, mutum ya ɗora sabo a kansa. A shafa wa sabon zobe ɗan jaz, a ɗaure da hannu, ban da tsananta masa da sufana. Ta farko a na iya cika ta da mai mai kyau kafin a rufe. Ta jikin inji kuwa ni ba na zuba mata kome, don abin da aka zuba ta tsakiyarta bai bi ta cikin takardar tacewa ba, kai tsaye famfo zai tafi. Masu wanke tsohuwar filta da fetur su busa ta da baki su mayar, don kada su sayi sabuwa, su sani takardar ciki ta riga ta huje ko ba su gani ba.

Inda aikin ya ke shi ne fid da iska. Injin dizal ba ya shan mai da kumfa. A buɗe makullin tanki, a sassauta ɗan sukurun da ke kan filtar inji, a yi ta danna ɗan hannun famfon da ke jawo mai. Da fari kumfa za ta yi ta fitowa. Kada a gaji, sai mai ya fito garau kāna a ɗaure. In ka danna ka ji hannun sakayau, ba ya jan kome, ba lalacewa ya yi ba. Juya injin kaɗan da hannu, zai kama. In duk da haka inji ya ƙi tashi, a sassauta notin bututun da ke shiga kan nozul, a buga sitata kaɗan kaɗan har mai ya tsarto, a ɗaure. A nan ina gargaɗi: kada kowa ya kai yatsa wurin, ƙarfin man ya isa ya huda fata. Kada kuma a yi ta buga sitata ba hutu. Batir zai ƙare, kuma a injin da ke fid da hayaƙi tare da ruwan teku, ruwan na iya taruwa ya komo cikin inji.

Akwai wani abu mai ruɗa mutane. Tsakanin tanki da famfo tsotso a ke yi, saboda haka in zobe bai zauna daidai ba mai ba zai ɗiga ka gani ba, iska ce za ta riƙa shiga. Inji ya tashi lafiya, rayis ya ce a kwance igiya, a fita mashiga, sai ya mutu. Don haka ni ba na barin a ɗaga anka sai inji ya yi wajen rabin awa ya na aiki, jirgi a ɗaure, da giya a ciki. Rayis ya kan yi gunaguni a kan man da a ke ƙonawa a banza. Ya yi ta yi.

Bayan haka na kan rubuta ranar sauyi a jikin sabuwar filta da fenti. Biyu na ajiya su na cikin leda a ɗaure, da zobbansu, da sufanar da ta dace da sukurun iska, a akwatin da hannu zai kai ko cikin duhu. Kowace safiya kafin a ta da inji a haska kwanon gilas da tocila, in an ga ruwa ya kwanta a ƙasa a buɗe a tsiyaye shi. Yaron da ya shiga jirgi sabo, rayis ya sa shi ya fid da iska da hannunsa sau biyu ko uku a bakin gaɓa, ya kuma koya masa ɗaga shira'i a wannan mako.