Ranar Da Babur Ɗin Kawu Ya Ƙi Tashi A Fadama

A wannan makon labarin wani babur muka zo da shi, da yadda ya tsayar da mu biyu, wa da ƙani, a tsakiyar fadamar Haɗeja har rana ta kusa faɗuwa.

A watan Oktoba na 2023 ne, ruwan kogi ya fara janyewa, shinkafa ta nuna. Umma ta aike mu ƙauyen kakarmu da ke ƙasar Kirikasamma, mu kai mata maganin hawan jini wanda nata ya ƙare tun jiya, mu kuma kai kuɗin masu yankan shinkafa. Duk wanda ya san yankin ya san jinkirin kwana biyu asara ce, domin tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikin kachala ba sa jiran kowa. Kawu ya ara mana babur ɗinsa, Boxer, wanda da shi yake acaɓa yana ciyar da gidansa. Da zai ba mu makulli ya ce, "Ku dawo min da shi yadda na ba ku."

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar, ba wanda yake cika tanki. Mu ma kwalba ɗaya muka saya a bakin hanya muka ƙara kan abin da ke ciki. Muka bar kwalta muka gangara burji, muka ratsa wani kwari da ruwa ya kwanta a ciki iya ƙwauri. Can gaba babur ya fara shaƙewa, alamar mai ya yi ƙasa. Muka murɗa famfon mai zuwa riza. Bai yi tafiyar minti biyu ba ya yi tari sau uku, ya mutu.

Muka hau buga kiki. Injin yana juyawa lafiya, ana jin ƙararsa, amma ya ƙi kamawa. Muka ja cok muka buga, muka murɗa totur muka buga, yaya ya gaji ƙani ya karɓa. Mun buga fiye da yadda za mu iya ƙirgawa, sai warin fetur kawai ke tashi. Daga nan ilimin boko ya motsa. Dukanmu mun riƙe difiloma, mun san sunayen kayan inji. Ɗaya ya ce kwail ne ya ƙone, ɗaya ya ce ringin fistin ne ya cinye. Muka buɗe 'yar jakar kayan aiki da niyyar kwance kan inji, a kan babur ɗin da ba namu ba, a cikin taɓo.

Sifana na hannunmu wani dattijo ya fito daga gona da tiyon ban-ruwa a kafaɗa. Muka gaishe shi. Ya dubi babur ya dube mu, ya ce, "Samari, me ya yi muku za ku yanka shi?"

Muka ce, "Baba, ya ƙi tashi ne."

Ya ce, "Yana juyawa?" Muka ce yana juyawa. Ya ce, "To ku gode Allah. Da ruwa ya shiga cikinsa, da kiki ya ƙage, kuma wanda ya matsa masa a haka shi ke lanƙwasa ƙarfen fistin. Me kuka taɓa na ƙarshe kafin ya mutu?"

Wannan tambayar ba mu yi wa kanmu ita ba. Muka ce riza muka sa. Ya gyaɗa kai, ya ajiye tiyo. Ashe shekara da shekaru yana gyaran injinan ban-ruwa na masu noman rani, kuma a cewarsa da injin ban-ruwa da na babur abu huɗu suke nema: wuta, mai, iska da matsi. Idan inji na juyawa bai kama ba, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda dubawarsa ba ta cin ko sisi.

Ya fara da wuta. Ya sa muka tabbatar makulli na buɗe, ya zare hular fulogi ya busa ta ko da laima, sannan ya kwance fulogin. Ya fito baƙi, jiƙe sharkaf. Ya ce wannan aikinmu ne: bugun kiki da cok a jaye ya tara mai a ɗakin wuta har fulogi ya nutse. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya kankare bakin da 'yar wuƙa, ya duba tazarar bakin, wadda ba ta kai milimita ɗaya ba idan tana daidai. Ya mayar da shi cikin hularsa, ya jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ya ce a buga. Wuta shuɗiya ta yi tsalle tas-tas. Ya ce, "Kwail ɗinku lafiya lau." Wanda ya zargi kwail a cikinmu ya sunkuyar da kai.

Tun ramin fulogi na buɗe ya gwada matsi. Ya toshe ramin da babban yatsa, aka buga kiki, iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ya ce ringi da bawul ba su da laifi. Na biyunmu ma ya sunkuyar da kai. Ya buɗe murfin gefe ya ciro soson tace iska, ya matse shi, babu ruwa, ƙura ce kawai. Saura mai.

Ya ce mu ba shi robar ruwan shanmu. Ya zubar da sauran ruwan, ya kakkaɓe ta, ya tara a ƙarƙashin kabireta, ya sassauta ɗan sukurun da ke gindinta. Abin da ya zubo ya ɗaga shi sama ya nuna mana a hasken yamma. Kashi biyu ne a rabe: fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa, har da ɗan tsatsa. Ya ce ruwa ya fi fetur nauyi, don haka duk wanda ya shiga tanki, ko ta murfin da robarsa ta mutu a damina, ko ta man kwalba, gindi yake sauka ya zauna. Famfo idan yana a buɗe na kullum daga ɗan sama yake jan mai, riza kuwa daga gindin tanki take sha. Da hannunmu muka buɗe wa ruwan ƙofa.

Ya zare tiyon mai daga kabireta, ya bar riza ta zuba cikin robar har abin da ke fitowa ya zama fetur zalla. Zuciyarmu na ta bugawa ganin mai na raguwa, sai ya tsiyaye na saman a hankali ya mayar tanki, ya watsar da na ƙasan. Ya ɗaure sukuru, ya mayar da tiyo, ya goge inda mai ya zuba. Ya ce shi ya sa ya gwada wuta kafin ya taɓa mai, don tartsatsi da fetur a ƙasa ba sa haɗuwa. Ya sa aka rufe famfo, aka buɗe totur gaba ɗaya, aka buga kiki sau biyar don ɗakin wuta ya bushe, sannan ya ɗaura fulogi, ya buɗe mai, ya jira kabireta ta cika. Bugu na biyu babur ya kama, ya yi hayaƙi, ya daidaita.

Muka zaro kuɗi, ya ce, "Na masu yankan ne ko naku?" Muka yi shiru. Ya ce, "Ku kai wa tsohuwa maganinta. Idan kun koma ku ce wa kawun naku ya wanke tanki, ya canza robar murfi."

Mun isa ƙauye ana kiran magariba. Kaka ta sha magani, washegari masu yanka suka shiga gona. Da muka mayar da babur muka faɗa wa Kawu komai, har da sifanar da muka ɗauka. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce da mun kwance kan injin nan, da sai an ɗauko babur ɗin a amalanke, da kuma gidansa ya yi kwanaki ba cefane.

Tun daga ranar, duk lokacin da babur ko janareto ko injin ban-ruwa ya yi mana gardama, kafin mu ɗauki sifana sai ɗayanmu ya tambayi ɗaya me aka taɓa na ƙarshe. A jakar kayan aiki kuma mun ƙara fulogi sabo da 'yar robar da ake ganin cikinta. Dattijon nan ko sunansa ba mu tambaya ba. Allah ya saka masa da alheri.