Yini Guda a Dausayin Kongo, Inda Ake Auna Laka

Birnin Mbandaka yana gaɓar Kogin Kongo, daidai kan layin da ya raba duniya biyu. Daga nan muka shiga kwalekwale da asubar fari, ni da wasu malaman jami'a uku da samarin ƙauye huɗu masu yi mana jagora. Da hantsi muka bar ruwa muka kutsa kurmi da ƙafa. Wanda ya saba da tsandaurin ƙasarmu zai sha mamaki, domin a nan ƙasa ba ta ɗaukar mutum. Kowane taku sai ƙafa ta nutse har gwiwa cikin ruwa mai launin shayi. Tukurwa ta rufe sama, sauro da ƙudan tsando kuwa ba su san baƙo ba.

Wannan lakar da muke takawa ita ta kai mu. Asalinta ganyaye ne da saiwoyi da rassan da suka faɗa ruwa, ƙarancin iska ya hana su ruɓewa sarai, suka yi ta taruwa tsawon shekaru dubbai. Masana suna kiranta fit. Fiye da rabin nauyinta, bayan an busar da ita, kabon ne wanda itatuwa suka zuƙo daga sararin samaniya. Muddin ruwa yana rufe da ita, kabon ɗin a ɗaure yake. Ranar da ta bushe sai ya koma iska ya ƙara wa duniya zafi, kamar yadda aka gani a gobarar dausayin Indunusiya ta 2015.

Awon ba ya son gaggawa. Da farko ana cusa sandunan ƙarfe, ana haɗa wani bisa wani, har a ji tsinin ya daki yumɓu ko yashi. Zurfin ke nan. Sannan a kawo wani bututu mai kama da rabin gora, a danna shi ƙasa, a murɗa, ya yanko rabin mita na lakar ba tare da ta cakuɗe ba. Haka ake bi, yanka bayan yanka, har gindi. Kowane yanki a naɗe shi, a rubuta zurfinsa da wurin da aka ciro shi. A ɗakin gwaji za a busar da shi a auna nauyi, a ƙona wani ɓangare don a ga abin da ya rage na toka, a kuma gwada yawan kabon. Faɗin dausayin kuwa daga hotunan tauraron ɗan'adam ake gano shi, ta hanyar bin irin itatuwan da aka tabbatar akwai fit a ƙarƙashinsu. Faɗi, zurfi, nauyi da kason kabon: su huɗun nan ake ninkawa, kuskure a ɗaya ya ɓata sauran.

Da irin wannan wahala ce Greta Dargie da Simon Lewis na Jami'ar Leeds, tare da Suspense Ifo na Jami'ar Marien Ngouabi da ke Brazzaville da abokan aikinsu, suka sanar da duniya a 2017 cewa dausayin ya kai murabba'in kilomita 145,500, kuma yana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30. Sabon awo a 2022 ya kai faɗin 167,600, wato ya ninka Jihar Neja har da ɗoriya. Kabon ɗin ya yi daidai da abin da duniya take fitarwa daga fetur da kwal da gas cikin shekaru kusan uku. Lakar ta kuma ba da labarin kanta: tsakanin shekaru 5,000 da 2,000 da suka wuce ruwan sama ya ragu, ta ruɓe, ta saki kabon mai yawa. Abin da ya taɓa faruwa yana iya maimaituwa.

Tunda aka samu adadi, dausayin ya shiga bakin manya. A 2018 ƙasashen Kongo biyu da Indunusiya suka sa hannu a Yarjejeniyar Brazzaville don kare shi. A 2022 gwamnatin Kinshasa ta sa filayen haƙar mai a kasuwa, wasunsu sun shiga cikinsa. Hujjarta ita ce talauci ba ya jiran alkawarin masu kuɗi.

Da la'asar, muna wanke laka a bakin kogi, wani dattijo ya tambaye ni ta bakin tafinta: "Malam, in wannan lakar tana da daraja haka, me ya sa ƙauyenmu ba shi da asibiti?" Na rasa ta cewa. Kakanninsa ne suka zauna da kurmin nan suna kamun kifi ba su ƙafar da shi ba, amma cinikinsa a wasu birane ake yi, da lissafin da aka fi yi a ɗakunan gwajin Turai.

Ga ɗalibanmu masu raina darasin kimiyyar ƙasa, wannan abin lura ne. Wanda yake riƙe da mudu shi yake yanka farashi. Idan jami'o'in Afirka ba su mallaki bututun da tandun da ma'aunin ba, za mu ci gaba da ɗaukar kaya a kurmi, wasu suna faɗa mana nauyin abin da muka ɗauko.