Anti, wannan ba nawa ba ne



Ana saura sati biyu Kirsimetin bara, shugabannin zumuntarmu suka ba ni aikin koya wa yaran makarantar Lahadi yadda ake yi wa kek ado. Sana'ata ke nan, da ita nake biyan kuɗin makarantata. An shirya za mu yi aikin ranar Asabar, washegari kuma bayan sujada kowane yaro ya miƙa wa iyayensa abin da ya yi da hannunsa. Yara 14 suka zo, daga 'yan shekara 5 zuwa 9.

Tun daren Juma'a na gasa ƙananan kek a gwangwanayen madara, cikin tukunya mai yashi a ƙasa, domin idan aka shafa wa kek aisin yana da zafi, narkewa yake yi. Da safe sanyin Jos ya sa bota ta daskare kamar sabulu, sai da na ajiye ta kusa da murhu ta yi laushi. Awon da na koya musu mai sauƙi ne: bota kashi ɗaya, garin sukari kashi biyu. A tankaɗe sukarin, a buga su tare har su yi haske, in ya yi tauri a zuba madara cokali ɗaya. Kala kuwa da tsinken sakace ake ɗiba, don kaɗan ta isa. Kowa na ba shi leda mai kauri da aka yanke wa kusurwa, na nuna musu yadda ake murɗe samanta a matsa a hankali.

Rabin aisin ɗin a baki ya ƙare. Wata yarinya 'yar shekara 6 kuma ta haɗa ja da kore da shuɗi wuri ɗaya, abin ya koma launin laka. Ta daɗe a sunkuye, harshenta a waje, tana zana wani abu mai ƙusumbi da ɗigo biyu.

Da suka watse, na tsaya ina kallon teburin. Sai na tuna cewa wasu daga cikin iyayenmu na zumuntar mata su ne masu sayen kek a wurina. Me za su ce gobe? Na ɗauki wuƙa na kankare guda biyar da suka fi muni, har da na yarinyar nan, na yi musu furanni masu kyau. Na ce wa kaina ai taimakon yaran nake yi.

Ranar Lahadi ta zagaya teburin sau uku tana dubawa. Na miƙa mata, ta kalle shi, ta kalle ni.

"Anti, wannan ba nawa ba ne."

"Naki ne mana, ƙanwata. Ɗan gyara miki na yi."

"Nawa akuyar Kaka ce."

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kek ɗin, ta koma ta riƙe bakin zanen kakarta. Daga baya na ji labarin: tsohuwar ce ke riƙonta, kuma ta sayar da akuyarta ɗaya tilo domin biyan kuɗin makarantar yarinyar. Akuyar nan ce take so ta mayar mata, ni kuwa na kankare ta da wuƙa.

Da dare na buɗe Markus 10:13-16, inda aka kawo wa Yesu yara domin ya taɓa su, almajiransa suka tsawata wa masu kawo su. Tun ina ƙarama nake jin wannan wurin, kullum ina sa kaina a layin yaran. Ran nan sai na ga kaina a cikin almajiran. Ba mugunta ce ta sa su ba. Ina jin a ganinsu suna kare martabar Malaminsu ne. Amma Markus ya ce ran Yesu ya ɓaci, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. Ni ma na ce taimako nake yi, alhali sunana nake karewa.

Ranar Litinin na je gidansu da kek ɗaya marar ado da ledar aisin. Na gaishe da Kaka, na durƙusa gaban yarinyar na nemi gafararta. Kaka ta ce, "Tashi, 'yata, kowa yana kuskure." Yarinyar ta sake haɗa launin lakarta, ta zana akuya mai ƙafa uku. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma na riƙe shi a baya. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo kafin ta yarda a yanka.

'Yan'uwa matasa, da yawanmu muna hidima a cikin yara. Yaro yana addu'a yana in'ina, sai mu ƙarasa masa. Yarinya tana waƙa muryarta na kaucewa, sai mu mayar da ita layin baya. Kafin mu gyara, mu fara tambaya: me kake yi, kuma domin wa? Mu tuna cewa hidimarmu ma a gaban Allah ba ta wuce akuya mai ƙafa uku ba, duk da haka yana karɓa saboda alherinsa cikin Kristi.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na fifita sunana a kan 'ya'yanka. Ka ba ni haƙurin tambaya kafin in gyara, kada in zama shinge tsakaninka da ko yaro ɗaya. Cikin sunan Yesu, Amin.