Idan Hannun Mai Goge Ya Gaji

Duk malamin adabin da ya daɗe a aji ya san wata tambaya da ɗalibai kan yi masa cikin ladabi, amma da ƙaya a ƙarƙashinta: "Malam, to ina naka littafin?" Abin da suke nufi a fili yake. A ganinsu mai fasaha yana can yana fasaharsa, wanda ya tsaya riƙe alli kuwa lalle akwai inda ya gaza. Na shafe shekaru ina juya wannan magana a raina, kuma wurin da na fi samun abin kamawa a kanta ba tarihin marubuta ba ne, tarihin masu kaɗa gogen Turawa ne, wato wannan goge mai tsarkiya huɗu da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Sana'arsu ba ta ɓoye aibi. Marubuci na iya goge kuskurensa da dare ba wanda ya gani, amma mai goge in yatsansa ya kauce da faɗin ƙwayar gero, mutum dubu biyu da ke zaune a zaure sun ji.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Yehudi Menuhin. An haife shi a New York a 1916, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha, ya kuma tashi a San Francisco a hannun malaminsa Louis Persinger. Yana ɗan shekara 11, a 1927, ya tsaya a zauren Carnegie ya kaɗa konceton Beethoven. Konceto, don amfanin mai karatu, dogon kiɗa ne da makaɗi ɗaya ke ja, ayarin makaɗa masu yawa suna amsa masa, wani lokaci ma suna ja-in-ja da shi. A 1929 a Balin ya kaɗa irin wannan har guda uku a dare ɗaya, na Bach da na Beethoven da na Brahms, Bruno Walter yana jagorantar ayari. A 1932 kuma ya shiga ɗakin ɗaukar faifai a Landan tare da Edward Elgar, yaro ɗan shekara 16 da dattijo ɗan shekara 75, suka ɗauki konceton da dattijon ya tsara da kansa. Ina da wannan faifan, kuma duk da shekarun da ke kansa, in na sa shi ba na jin yaro. Abin da nake ji shi ne muryar wanda ya ga jiya ya ga yau, alhali mai ita ko gemu bai fara ba.

Sai dai tun da wuri wani tsoho ya hango ɓarakar. Lokacin da iyayen yaron suka kai shi Turai, bai wuce shekara 11 ba, sun je Brussels wurin Eugène Ysaÿe, wanda shi ne malamin Persinger. Yaro ya kaɗa masa kiɗa mai wuya, ya burge shi. Daga nan tsoho ya ce ya yi masa wata 'yar hawa da sauka ta sauti, irin wadda ake ba 'yan koyo su maimaita kullum safiya. Nan yaro ya yi ta lalube. Ysaÿe ya shawarce shi da ya koma ya kama tushe. Yaron bai zauna wurinsa ba, ya zaɓi George Enescu a Faris, mutumin da ya buɗe masa zuciya ƙwarai, amma bai ɗaure shi a kan wannan aikin gajiya ba. Menuhin da bakinsa ya sha ba da wannan labari bayan ya manyanta, ba tare da kare kansa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yaron ya iya, amma bai san yadda ya iya ba. Baiwa ce ta ɗauke shi ta haye da shi kogi, bai taɓa koyon iyo ba. Da ya girma, tunani ya shigo tsakanin kunne da hannu, sai hannun dama, wanda ke jan baka, ya fara yi masa gardama. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojojin ƙawance wasa fiye da sau 500, yau nan gobe can, ba hutu ba natsuwar gyara. A watan Yuli na 1945 shi da Benjamin Britten suka je suka yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin Bergen-Belsen kiɗa. A 1947 ya koma Balin ya yi wasa tare da Wilhelm Furtwängler, abin da ya jawo masa fushin Yahudawa da yawa, domin Furtwängler ya ci gaba da aiki a Jamus a zamanin Hitler. Duk wannan mutum ne a tsakiyar duniya, suna ya kai ko'ina, amma a ɗakinsa yana zaune yana tambayar kansa yadda ake ɗaga hannu. Ya koma yana kwance abin da yake yi tun yana ɗan shekara 7, gaɓa bayan gaɓa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu zuwa yatsa. A Indiya kuma, a 1952, ya haɗu da B.K.S. Iyengar, malamin motsa jiki na yoga. Wasu dararen hannun kan yarda, kiɗan ya fito kamar da, ko ma ya fi. Wasu dararen kuwa masu ƙaunarsa kan sunkuyar da kai.

Hanyar da masu goge da yawa kan bi idan an zo nan ita ce ta ɗaukar sandar jagora. Ysaÿe ma ita ya bi da hannunsa ya fara rawa, ya riƙe ayarin Cincinnati daga 1918 zuwa 1922. Menuhin ya bi sahu, a ƙarshen rayuwarsa ma sandar ce ta maye gurbin gogen ɗungum. Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci a nan ba. A kunnena jagorancinsa na mutumin kirki ne da makaɗa ke so suna kuma bi don girmansa, amma ba shi ne abin da za a tuna shi da shi ba. Sanda ba ta fitar da sauti, don haka ba ta tona asirin mai ita.

Koyarwa daban take, kuma sai an dubi salsalar malaman wannan sana'a ake gane nauyinta. Joseph Joachim yana ɗan shekara 12 ya kaɗa konceton Beethoven a Landan a 1844, Mendelssohn yana jagora. Shi ne ya fara kaɗa na Brahms a ranar 1 ga Janairu, 1879. Me ya rage mana na kiɗansa? 'Yan faya-fayai da aka ɗauka a 1903, yana tsoho, cike da ƙara. Amma daga 1869 ya shugabanci babbar makarantar kiɗa ta Balin, kuma kafin nan ya koyar da wani saurayi mai suna Leopold Auer. Shi Auer ya zauna a St. Petersburg daga 1868 zuwa 1917 yana koyarwa, daga ajinsa kuma Mischa Elman da Efrem Zimbalist da Jascha Heifetz da Nathan Milstein suka fito. Ga wani abin dariya a gefe: Tchaikovsky ya so Auer ya fara kaɗa koncetonsa na 1878, Auer ya noƙe, sai Adolph Brodsky ya kaɗa shi a Vienna a 1881. Daga baya Auer ɗin ne ya koya wa almajiransa shi, su kuma suka zaga duniya da shi. Abin da ya ƙi yi da hannunsa ya yi shi da hannuwan wasu.

Akwai ma wadda ta fi waɗannan ƙaryata tambayar ɗalibaina. Dorothy DeLay ta bar dandali tun da ƙuruciyarta, ta zauna a makarantar Juilliard a New York fiye da shekara 50 har rasuwarta a 2002. Ba wanda ke neman faifanta. Amma Itzhak Perlman da Midori da Sarah Chang da Gil Shaham duk ta ƙofarta suka bi.

Ni dai a nawa ganin, mafi yawan masu baiwa ba su iya koyarwa ba, domin ba su da abin faɗa wa wanda abu ya gagara. In ka tambaye su sai su ce, "Ai haka ake yi," su sake yi maka. Menuhin ya zama malami ne ta ƙofar rashi. Sai da abin ya kuɓuce masa ya bi shi da fitila, kuma wanda ya yi irin wannan nema shi ke iya kwatanta wa wani hanya. Kusan kowace shekara ina samun ɗalibi ɗaya ko biyu da Hausa ke zuba daga alƙalaminsu kamar ruwan kwarya, ba su san nahawu ba, ba su san awon baiti ba, kuma sun fi kowa a ajin. Su ne suka fi tayar mini da hankali. In na matsa musu da ƙa'ida ina tsoron in kashe abin da ke motsi a cikinsu, in na ƙyale su kuma ina tuna tsohon nan na Brussels da yaron da ke lalube a gabansa. Yawanci nakan matsa. Sukan ji haushina, wasu ma su daina kawo mini rubutu har zangon karatu ya ƙare.

A 1963 Menuhin ya buɗe makarantar kwana ta yara masu baiwar kiɗa a Landan, shekara ta gaba aka mai da ita ƙauyen Stoke d'Abernon a yankin Surrey. Manufarsa ita ce yaro ya sami tushen sana'a da sauran ilimi tun yana ƙarami, a cikin 'yan'uwansa yara, wato abubuwan da shi kansa bai samu ba, domin a gida aka karantar da shi, daga nan sai jirgi da otal. Nigel Kennedy da Tasmin Little da Nicola Benedetti duk a can suka yi karatu. Ya karɓi zama ɗan Ingila a 1985, aka ba shi kujera a majalisar dattawan ƙasar a 1993. Ajali ya same shi a Balin ranar 12 ga Maris, 1999, ya je jagorantar ayari, shekara 70 ba wata ɗaya da daren nan da ya kaɗa konceto uku a birnin. Aka ɗauko shi aka binne a harabar makarantar.