Lissafin kitsen da ke toshe jijiyar jini

1/ Duk wanda ya ji lissafi nake karantawa sai ya ce "to koyarwa za ka yi kenan?" Yau ga amsa. Aikin kammala digirina a kan yadda kitse ke taruwa a jijiyar jini ne. Ku biyo ni. 🧵

2/ Ba haka kawai na zaɓe shi ba. Babanmu na fama da shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce jijiyar wuyansa ta daɗe tana tsukewa, shi kuwa ko ciwon kai bai taɓa kuka da shi ba. Na so in gane yadda abu ke girma shiru haka.

3/ Mu 'yan Rafin Guza mun san Kogin Kaduna. Inda ruwa ke gudu ba ya ajiye yashi, sai a kwana, inda ya lafa. Jini ma kusan haka ne. Tun 1969 Colin Caro na Landan ya nuna kitse ya fi kama inda jini ba ya gogar bangon jijiya da ƙarfi: kwana da mararraba.

4/ Bambancin shi ne kitsen ba kwanciya yake a sama ba. Kolestarol ɗin LDL kutsawa yake cikin bango, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye shi su maƙale, bango ya kumbura.

5/ Ya ake lissafa wannan? Da Navier-Stokes, lissafin gudun ruwa. Ba ya warwaruwa da biro a jijiya mai lanƙwasa. Sai a zana jijiyar a kwamfuta, a yanka ta ƙananan gidaje dubbai, a lissafa gudun jini a kowanne.

6/ Inda gogar ta yi rauni sai ka ƙara wa bango kauri kaɗan, ka sake lissafi. Haka dai, har shekaru su wuce a dare ɗaya, in NEPA ta bar ka.

7/ Abin da ya tsorata ni dokar Poiseuille ce, wani likitan Faransa. In matsi bai canja ba, faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa ya koma kashi 1 cikin 16. Ba rabi ba fa!

8/ To me ya sa mutum ba ya ji? Ƙananan jijiyoyin gaba buɗewa suke su rufa asiri. A jijiyar zuciya, galibi sai tsukewa ta kai wajen kashi 70 cikin 100 ciwon ƙirji ke bayyana. Wani kitsen ma kafin nan yake fashewa, jini ya daskare a kansa.

9/ Ba wasan ɗalibai ba ne. A 2014 hukumar FDA ta Amurka ta amince da HeartFlow, mai lissafa gudun jinin zuciya daga hoton CT.

10/ Mu nan ba mu da wannan a unguwa, amma awon hawan jini da suga akwai shi a kemis. Don Allah ku kai su Baba da Mama a auna, ko sun ce lafiyarsu ƙalau. Masu shan sigari, ku ma da ku nake.