Hannuwan da Suka Yi Noma

Ran nan muka kawo hoton wani zane cikin aji, muka manna a jikin allo. Mutum biyar ne a wani ɗaki mai duhu, sun kewaye akushi guda na dankalin Turawa, fitila tana rataye bisa kansu, wata tsohuwa tana tsiyaya kofi. Yara suka fashe da dariya, wai ba su taɓa ganin munana irin waɗannan ba. Mu ma, a faɗi gaskiya, sai da muka murmusa.

Wanda ya yi zanen shi ne Vincent van Gogh, mutumin Holan, ɗan fasto. A 1879 ya yi aikin bishara a tsakanin masu haƙar kwal na Borinage, a Beljiyam. Ya rarraba tufafinsa ga matalauta, ya koma kwana a bukka, har shugabanni suka ga ya wuce gona da iri, suka sallame shi. Daga nan ya kama zane.

A ƙarshen 1883 ya koma gidan iyayensa a ƙauyen Nuenen, inda mahaifinsa yake kiwon wata 'yar ƙaramar ikkilisiya. Da sanyin shekarar da ta biyo, sa'ad da aikin gona ya tsaya, sai ya riƙa zaunar da manoma yana zana fuskokinsu, har wajen arba'in. Bai gyara wa kowa hanci ba, bai goge tamoji ko ɗaya ba. Waɗannan fuskoki ne ya tara a zanen masu cin dankali a 1885. Ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa so yake a gane hannuwan da suke shiga akushin su ne suka tona ƙasar, da guminsu suke ci. Zanen yana Amsterdam yanzu.

Da muka karanta musu wannan, wata yarinya ta matso kusa da allo, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Malam, ai yatsun kakata ne." Aji ya yi tsit.

Mu kuwa sai muka tuna da hoton marigayi mahaifinmu, guda ɗaya tak da muke da shi. An ɗauka ran da muka karɓi difloma, wadda gyaɗarsa da dawarsa suka biya. Rigar aro ce a jikinsa, hannuwansa duka biyu suna ɓoye cikin rigar, saboda kanta da faso. Ba mai ɗaukar hoto ne ya ce ya ɓoye su ba. Mu ne muka raɗa masa a kunne, shi kuwa bai ce komai ba, ya ɓoye.